Ido Ba Mudu Ba Ne: Matsalar Ma'ana da Awo a Aikin Bincike

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na Ƙungiyar Ɗalibai)



Muna godiya ga kwamitin ilmi na wannan Ƙungiya da ya ba mu wannan dama, ko da yake mun san ba don mun fi kowa sani aka zaɓe mu ba. Iyakar abin da ya sa aka tsayar da mu a gabanku shi ne mun taɓa faɗawa cikin ramin da za mu yi magana a kansa, mun kuwa ji jiki, kuma an ce na gaba idon na baya.

Bari mu fara da labarin ramin. Bara, malaminmu na darasin dabarun bincike ya kasa ajinmu ƙungiya-ƙungiya, ya tura mu, mu shida, wani ƙauye da ba shi da nisa da nan, domin mu gano ko matan aure nawa ne suke aiki a cikinsa. Muka tsara tambayoyinmu da Turanci, muka juya su zuwa Hausa a cikin mota muna tafe, muna ganin ai wannan abu ne mai sauƙi tun da dukanmu da Hausar muka tashi. Tambaya ta uku ita ce: "Kina aiki?" Da muka isa muka gai da mai gari, matan cikinmu suka shiga gidaje, mazan suka tsaya a zauruka tare da magidanta. Kwana biyu muka yi, amsa kuwa kusan ɗaya ce ko'ina: "A'a, ni ina zaune a gida ne." Muka komo muka rubuta rahoto mai kyan gani, har da zane-zane, muka ce kusan dukan matan garin ba su aiki, muka ba da shawarar a koya musu sana'a.

Malam ya karanta, bai ce uffan ba game da zane-zanen. Sai ya tambaye mu abin da muka ci a kwana biyun da muka yi a garin. Muka ce ƙosai da koko da safe, ɗanwake da rana, fura da yamma, mun kuma sayo ƙuli-ƙuli tsaraba. Ya ce, wa ya sayar muku? Muka ce yara 'yan talla. Ya ce, su yaran ne suka daka, suka soya, suka dama? Aji ya yi tsit. Can sai ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu mata ta tuna cewa matar farko da ta ce mata ba ta aiki sai da ta sa ta jira kusan rabin sa'a, domin ta tarar da ita tana tsakiyar matsar man gyaɗa, ba ta son tunkuzar ta huce.

Matar nan ba ƙarya ta yi mana ba. A wurinta aiki shi ne abin da malamin makaranta ko malamin asibiti yake yi a biya shi albashi ƙarshen wata. Abin da ita take yi sunansa sana'a. Laifin namu ne, domin mun fita ƙidayar abin da ba mu tsaya mun yanke ko mene ne shi ba. Da muka zauna daga baya muka tambayi juna, sai muka tarar mu shidan nan kowa da abin da yake nufi da kalmar aiki.

To, wannan shi ne batun jawabinmu. Kowane bincike na ilmi yana tattare da abubuwan da suke bambanta daga wannan mutum zuwa wancan, ko daga wannan gida zuwa wancan, ko daga bana zuwa baɗi, kamar shekaru, tsawo, yawan amfanin gona, samu, ilmi, lafiya da talauci. Su ne mai bincike yake aunawa, yake kuma neman dangantakar da ke tsakaninsu, don haka a nan za mu kira su abubuwan awo. Waɗansunsu ba su da gardama sosai. Tsawon mutum dai a tsayar da shi a jikin bango a auna. Amma mafi yawan waɗanda suka dame mu, mu ɗaliban ilmin zaman jama'a da tattalin arziki da aikin koyarwa da lafiyar al'umma, ba su ɗoruwa a kan sikeli. Ba wanda ya taɓa ganin talauci yana tafiya a kan hanya. Abin da aka gani shi ne rumbu wayam tun kafin a yi noman fari, da yaro mai zazzaɓi da ba a kai shi asibiti ba.

Saboda haka kowace kalma irin wannan tana bukatar ma'ana iri biyu. Akwai ma'anar ƙamus, wadda take gaya mana abin da kalmar take nufi a zance. Akwai kuma wadda za mu kira ma'anar awo, wadda take gaya wa mai bincike abin da zai yi da hannunsa da bakinsa: wa zai tambaya, da waɗanne kalmomi, game da wane lokaci, da wane ma'auni, kuma ina ne iyakar da za a ce wannan ya shiga, wancan bai shiga ba. Alamar ma'anar awo ta ƙwarai ita ce, in ka rubuta ta ka miƙa wa wanda bai taɓa ganinka ba, ya tafi garin da ka je, ya komo da irin abin da ka komo da shi.

Kada wani ya zaci wannan sabuwar dabara ce da boko ya zo da ita. Duk wanda aka taɓa aika kasuwa awon hatsi ya san ba a gama ciniki da faɗin kuɗin mudu. Sai an san wane mudu, na wace kasuwa, kuma za a cika shi ya yi tudu ne ko za a shafe bakinsa. Malamanmu na fiƙihu kuwa sun daɗe suna karantar da irin wannan. Da cewa kawai aka yi mawadaci ya fitar da zakka, da gardama ba ta ƙare ba, domin kowa ka tambaya sai ya nuna maka wanda ya fi shi. Amma an yanka nisabi: raƙuma 5, shanu 30, tumaki ko awaki 40, zinariya miskali 20, azurfa dirhami 200, sa'an nan shekara ta kewayo. Mai awaki 39 bai shiga ba, mai 40 ya shiga. Ga abin ƙidaya, ga iyaka, ga lokaci, watau abubuwa ukun da tambayarmu ta "Kina aiki?" ta rasa baki ɗaya.

A ilmin zamani, wanda aka fi danganta wannan ra'ayi da shi shi ne Percy Bridgman, masanin kimiyya na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda ya sami lambar Nobel a 1946. A littafin da ya buga a 1927 ya kafa hujja cewa ko kalmar tsawo ba ta da wata ma'ana a kimiyya da ta wuce jerin ayyukan da ake yi wajen auna shi. Daga wurinsa ne masana halayyar ɗan Adam da na zaman jama'a suka ari ra'ayin, har ya zama babin da ake tilasta mana rubutawa a kundin digiri, wanda da yawanmu muke cikawa da ma'anonin da muka kwafo daga ƙamus.

Yanzu bari mu ɗauko misalin da ya shafi kowa a ɗakin nan, tun da yawancinmu nan da shekara ɗaya ko biyu za mu shiga sahun masu neman aiki. A watan Maris na 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwa cewa a watanni ukun ƙarshe na 2020 marasa aikin yi a Nijeriya sun kai kashi 33.3 cikin ɗari na waɗanda suke aiki ko suke nemansa, watau mutum ɗaya cikin kowane uku. A watan Agusta na 2023 hukumar nan dai ta ce a watanni ukun farko na 2023 adadin kashi 4.1 ne cikin ɗari. Jaridu suka yi ca, jama'a suka ce an raina musu hankali, domin ba wanda ya ga an sake buɗe masaƙu ko an ɗebi miliyoyin ma'aikata a tsakanin nan. Gaskiyarsu kuwa, ba a buɗe ba. Mudun ne aka sauya.

A tsohon tsari ana duban 'yan shekara 15 zuwa 64, a tambayi sa'o'in da mutum ya yi yana aiki a mako. Wanda ya yi sa'a 40 ko fiye, mai cikakken aiki ne. Wanda ya yi 20 zuwa 39, aikinsa bai ishe shi ba. Wanda ya yi ƙasa da 20 kuwa, sai a haɗa shi da wanda bai yi kome ba, a ce dukansu marasa aiki ne. A sabon tsari, wanda aka ɗauko daga ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ana duban duk ɗan shekara 15 zuwa sama, kuma wanda ya yi aiki ko na sa'a ɗaya tak cikin kwana 7 da suka wuce domin lada ko riba, mai aiki ne. Kafin a kira mutum marar aiki sai ya cika sharaɗi uku: bai yi ko sa'a ɗayar ba, yana neman aiki da gaske, kuma a shirye yake ya kama in ya samu.

Ku ɗauki wani yayanmu da ya gama digiri shekara uku da suka wuce, ya yi bautar ƙasa, yana zaune a gidan mahaifinsa, ranar Asabar kaɗai yake karɓar babur ɗin abokinsa ya yi acaɓa na sa'a biyar. A mudun 2020 marar aiki ne, a mudun 2023 mai aiki ne, shi kuwa ko riga bai sauya ba. Ku kuma ɗauki abokin karatunsa da ya gaji da yawon kai takardu ya daina nema. Wannan ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa aiki, ma'aunin bai san da zamansa ba.

A ra'ayinmu hukumar ba ta yi ƙarya ba, ta kuwa bayyana sauyin a fili. Ƙa'idar sa'a ɗaya tana da dalilinta: tun 1982 taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya ya amince da ita, kuma da ita ne ake iya jera Nijeriya da Ghana da Kamaru a kan ma'auni guda. Sai dai muna ganin ta fi dacewa da ƙasashen da marar aiki yake karɓar tallafi daga Gwamnati, ya iya zama yana jira. A ƙasarmu ba mai iya zama ba aiki sai wanda yake da mai ciyar da shi. Talaka dole ya fita, ko dako ne ko tallan ruwa. Don haka ƙanƙantar adadin ba alamar wadata ba ce, kuma rahoton da kansa ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aikin suna cikin ayyukan da ba su da takardar ɗauka, balle fansho. Wanda ya ɗauki 4.1 ya hau mumbari ya ce an ci ƙarfin rashin aiki ya zalunci adadin. Haka nan ɗalibin da ya jera 33.3 da 4.1 a zane guda cikin kundinsa, ya ja layi a tsakaninsu ya ce ga saukar rashin aiki. Mun ga an yi haka, an kuwa ba da maki.

Kun ji yanzu mun ce "talaka". Wannan kalma ma rami ce. Wanda ya juya tambayar Turanci ya rubuta "Kai talaka ne?" zai sha mamaki, domin a Hausa asalin talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta. Attajirin Kantin Kwari mai shaguna goma yana iya cewa "mu talakawa", bai kuwa yi ƙarya ba. In ka koma ka ce "matalauci" ko "matsiyaci" ka yi zagi, kuma magidancin da ba a ɗora tukunya a gidansa jiya ba zai ce maka, "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri." Kunya da godiyar Allah ba za su bar shi ya faɗi wani abu dabam ba. Saboda haka ba a tambayar mutum ko shi matalauci ne, sai dai a nemi alamun da za a iya ƙirgawa, zaɓen alamun kuwa shi yake haifar da adadin.

A 2020 Hukumar Ƙididdiga ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a 2018 zuwa 2019, inda ta yanka iyaka a kan Naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, watau wajen Naira 376 a rana. Wanda abin da yake kashewa bai kai haka ba, matalauci ne. Ta sami kashi 40.1 cikin ɗari, mutum miliyan 82.9, ban da Jihar Borno. A watan Nuwamba na 2022 ta fitar da wani awon da wani mudun, wanda ya dubi ruwan sha, makewayi, abin da ake girki da shi, nisan asibiti, zuwan yara makaranta da makamantansu, ta sami kashi 63, mutum miliyan 133. Tazarar mutum miliyan 50 ke nan, kuma duka biyun daga ofis ɗaya suka fito.

Akwai wata hanya da muke ganin ɗalibai sun yi sakaci da ita. Polly Hill, Baturiyar Ingila masaniyar tattalin arzikin karkara, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta buga littafinta a kan garin a 1972. Da ta so ta kasa gidajen manoma 171 bisa ƙarfin arzikinsu, ba ta dogara da tambayar samun shekara ba, abin da manomi ba ya rubutawa, ba ya kuma son faɗi. Sai ta nemi mutanen gari masu sanin halin kowa, aka kasa gidajen kashi huɗu bisa abu guda, watau yadda kowane gida zai iya jure wa mummunar damina ko jinkirin kaka, tun daga waɗanda ba su jin jiki har su taimaki waɗansu, zuwa waɗanda yunwa take kayarwa. Ma'auni ne da ya fito daga cikin rayuwar garin, ta kuma rubuta yadda ta yi, don wanda bai yarda ba ya sami abin kamawa. Rauninsa shi ne ba za ka iya ɗaukarsa ka kwatanta Batagarawa da wani gari a wata ƙasa ba.

Kalmar gida ma haka take, domin wani gidan zaure ɗaya ne amma tukwane huɗu. David Norman da abokan aikinsa na Samaru, da suka yi nazarin ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa a ƙasar Zazzau a 1966 zuwa 1967, sun ɗauki iyali a matsayin waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya. Mai ƙirga zauruka da mai ƙirga tukwane ba za su sami adadi ɗaya ba, kuma ranar da aka ce za a raba taki ko gidan sauro gida-gida, daga nan rigima take tashi.

Sai kuma kalmar da ta fi yi mana ciwo, watau jahilci. A 1958 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a ɗauki mutum a matsayin mai iya karatu in yana iya karantawa da rubuta gajeren bayani mai sauƙi game da rayuwarsa ta yau da kullum, yana kuma fahimtarsa. Ma'anar ba ta ambaci harshe ko irin haruffa ba. Amma ranar awo dole ko dai a tambayi mutum ya amsa da bakinsa, kamar yadda akan yi a ƙidayar jama'a, ko a miƙa masa kati mai ɗauke da jimla a ce ya karanta, kamar yadda akan yi a binciken lafiya na ƙasa. To, in katin da haruffan boko kaɗai aka rubuta shi, ina za a sa alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ko ɗan kasuwar da yake riƙe lissafin bashinsa da ajami? Da bugun alƙalami ɗaya za a jefa su cikin jahilai, a haɗa su da wanda bai taɓa riƙe allo ba. Sunan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 shi kansa yana ɗauke da wannan matsala. Ba muna cewa a daina auna karatun boko ba ne, tun da mai cika takardar banki shi yake bukata. Cewa muke yi in boko ka auna, ka rubuta "iya karatun boko" a kan jadawalinka, kada ka rubuta "ilmi".

Wataƙila wani ya ce duk wannan gardamar masana ce. To, bari mu leƙa asibiti. Ma'aikatan lafiya suna gane tamowa mai tsanani a jikin yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59 da wani siririn tef mai launi uku da ake zagaya wa damtsensa. Kafin 2009 iyakar tsanani santimita 11 ce. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga ta zuwa 11.5, domin an ga haɗarin mutuwa yana da yawa ga yaran da suke ƙasa da haka. Rabin santimita ne, bai kai faɗin farce ba, amma yaron da damtsensa ya nuna 11.2, wanda a da ba a lissafa shi cikin masu tsanani, yanzu ya cancanci a sa shi cikin shirin magani, a ba shi abincin nan na gyaɗa da madara. Ga ma'anar awo da ta amsa sunanta: an faɗi watannin yaro, an faɗi wurin awo, tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, an faɗi iyaka. Saboda fitowarta sarari ne ma aka iya koya wa iyaye mata. Binciken da aka yi a gundumar Mirriya ta jihar Damagaram a Nijar, wanda aka buga a 2016, ya nuna cewa uwayen da aka koya wa awon ba su gaza ma'aikatan lafiya na ƙauye ba wajen gano yaran.

Malamanmu sukan ce a gwada kowane ma'auni da tambaya biyu. Ta farko, yana tsayawa a kan magana ɗaya? Watau in mutum biyu sun auna, ko mutum ɗaya ya auna yau ya sake gobe, za a sami abu guda? Ta biyu, abin da muke nufi shi yake aunawa? Tambayarmu ta "Kina aiki?" ta ci jarrabawar farko sarai, domin duk wanda ya je amsa ɗaya zai samo, a ta biyu ne ta faɗi warwas. Wannan kuwa ya fi haɗari, tun da kuskuren da yake maimaita kansa yakan yi kama da gaskiya. A nan ne kuma muke rabuwa da waɗanda suka wuce gona da iri da ra'ayin Bridgman, masu ganin basira ba kome ba ce illa makin jarrabawar basira. In haka ne, ba sauran hanyar da za a ce wata jarrabawa ta fi wata dacewa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. In awo ya ce garin da ka ci ƙosansa ba mai sana'a, mudun za ka tuhuma.

Ga yayyenmu ma'aikata kuwa akwai ƙarin haɗari. Da zarar an rataya kuɗi ko ƙarin girma a wuyan wani ma'auni, mutane sukan bar abin da ake nufi su bi ma'aunin. In an ce ƙoƙarin makaranta shi ne yawan sunayen da ke cikin rajista, rajista za ta cika, aji ya zauna wayam. In an ce nasarar aikin ruwa ita ce yawan rijiyoyin da aka haƙa, ba wanda zai koma bayan shekara ya ga nawa ne suke ba da ruwa. Ku ne za ku tsara takardun da za a aika ƙananan hukumomi a cika, kuma ku ne za ku zaɓa tsakanin "yaran da aka rubuta" da "yaran da aka tarar a aji ranar da aka zo ba sanarwa".

Malam bai yar da rahotonmu ba, ya dai mai da mu garin. Wannan karon sai da muka yi mako guda muna gardama kafin mu hau mota, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Muka rubuta cewa a wannan bincike mai sana'a ita ce matar auren da a cikin kwana 7 da suka wuce ta yi wani abu da hannunta ko da jarinta domin ya kawo mata kuɗi ko kaya, a cikin gida ne ko a waje, ita ta sayar ko yaro ya kai talla. Muka bar kalmar aiki gaba ɗaya, muka jera tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: Kin dafa ko kin soya wani abu na sayarwa? Kin yi kitso, ko saƙa, ko ɗinkin hula, ko surfe, ko sussuka na lada? Kina kiwon sayarwa? Muka fara gwada tambayoyin a unguwar da ke bayan makaranta, a nan ne matan suka nuna mana mun manta da dillanci da adashi. Muka sa dillanci, muka bar adashi tun da ajiya ne, sai dai uwar adashi wadda take da ladanta. Muka kuma rubuta a shafin farko cewa da rani aka yi awon, wanda ya zo da kaka zai tarar da wani abu dabam.

Sakamakon ya juye. Gidan da ba a sami mai sana'a ba sai ɗai-ɗai. Shawararmu ta a koya musu sana'a da kanmu muka soke ta, domin abin da matan suka yi ta faɗa shi ne ƙarancin jari, da tsadar gyaɗa, da nisan injin niƙa. Akwai dai abu ɗaya da har yanzu ba mu daidaita a kansa ba, watau amaryar da take taya uwar mijinta suyar ƙosai kullum da asuba, ba a ba ta ko kwabo, ribar duka ta uwar miji ce. Uku daga cikinmu sun ce mai sana'a ce, uku sun ce ba ita ba ce. Mun ware mata gurbinta dabam a jadawalin, mun rubuta dalilinmu a ƙasa. Ya Shugaba, in lokaci ya ba da hali, za mu so mu ji ra'ayin wannan zaure a kanta.